Garnaɗa: Tarihin Birni Daga Bakin Gine-Ginensa

1.0 Gabatarwa

A kudancin ƙasar Sifen, a gindin wasu dogayen duwatsu da ƙanƙara kan lulluɓe kawunansu galibin watannin shekara, akwai wani birni da Sifaniyawa ke kira Granada, Larabawa kuwa suka san shi da Garnaɗa. Kowace shekara mutum sama da miliyan 2 kan niƙi gari daga sassa daban-daban na duniya don su ga fadar Alhamra da lambunanta, da tsohuwar unguwar Albayyazin, da babbar majami'ar garin. Yawancin waɗannan baƙi kan yi sha'awar zayyanar da ke jikin bangaye, su ɗauki hoto, su wuce, ba tare da sun farga cewa rubutu ne na Larabci da aka yi don a karanta ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ta nuna lokacin da aka gina kowanne da dalilin gina shi. Daga nan za ta duba wata tambaya da ta shafi manazarta harshe kai tsaye, watau yadda aka yi gine-ginen al'umma suka wanzu alhali harshenta ya mutu a wurin, da kuma inda ilmin da aka rubuta da wannan harshe ya sami mafaka.

2.0 Kafuwar Birnin da Daular Banu Nasar

Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711 ƙarƙashin jagorancin Ɗariƙu ɗan Ziyad. Tun daga 756 Ƙurɗuba ce cibiyar mulkin Banu Umayya, kuma a duk tsawon wannan zamani Garnaɗa ƙaramin gari ne, domin babban birnin yankin shi ne Ilbira. Sai da halifancin Ƙurɗuba ya fara wargajewa, sa'an nan wani shugaban Barbarawan Sanhaja mai suna Zawi ɗan Ziri ya kwashe mutanen Ilbira wajen shekarar 1013, ya mai da su kan tudun Garnaɗa saboda ya fi daɗin tsaro. Zuriyarsa ta yi mulki har 1090, lokacin da Murabiɗun, waɗanda tushensu ke yammacin Sahara, suka ƙwace garin. Bayansu kuma Muwahhidun suka karɓa.

Ƙarfin Muwahhidun ya karye a yaƙin Uƙab na 1212. Ba a daɗe ba Ƙurɗuba ta faɗa hannun masarautar Kastila a 1236, Ishbiliya ta bi ta a 1248. Cikin wannan hargitsi ne Muhammadu ɗan Ahmar ya shiga Garnaɗa, ya kafa daular Banu Nasar. Mutum ne mai dabarar siyasa ƙwarai. A 1246 ya ƙulla amana da Sarki Fardinan na Uku na Kastila bisa sharaɗin zai riƙa biyan haraji, har ma ya ba da mayaƙa lokacin da aka kewaye Ishbiliya. Da irin wannan sassauci ya sayi zaman lafiyar ƙasarsa.

Abubuwa huɗu ne suka sa wannan 'yar daula ta kai shekara 250 da 'yan kai. Na farko, duwatsun da suka kewaye ta sun zame mata garu. Na biyu, 'yan gudun hijira daga biranen da aka ci sun cika ta da malamai da masu sana'a da manoma. Na uku, cinikin alharini da busassun 'ya'yan itace ta tashoshin Malaga da Almeriya ya kawo dukiyar biyan haraji. Na huɗu, sarakunanta sun iya takun saƙa tsakanin Kastila da Banu Marin na Maroko, in wannan ya matsa su jingina da wancan.

3.0 Fadar Alhamra

Ɗan Ahmar ya fara ginin Alhamra a 1238 bisa tudun Sabika. Sunan yana nufin ja, kuma galibin masana sun danganta shi da launin jar ƙasar da aka kwaɓa da farar ƙasa aka yi garun. Tsawon wurin ya haura mita 700. Birni ne sosai a cikin birni: akwai Ƙasaba inda sojoji ke zama, akwai fadodin sarki, akwai kuma unguwar ma'aikata mai masallaci da gidajen wanka da wuraren sana'a.

Aikin farko da aka yi shi ne na ruwa. An tare kogin Daro daga can sama, kimanin kilomita 6 daga fadar, aka haƙa magudana da ke bin gefen dutse sannu a hankali har ta iso kan tudu. Ba don wannan magudana ba, da tudun Sabika bai zaunu ba, balle a yi zancen lambu. Ita ce ke shayar da Jannatul Arif, gidan hutun sarakuna da ke tsallaken kwari, wanda sunansa ya rikiɗe a bakin Sifaniyawa ya zama Generalife.

Mafi yawan abin da baƙi ke gani a yau aikin sarakuna biyu ne, uba da ɗa. Yusufu na Ɗaya, wanda ya yi sarauta daga 1333 zuwa 1354, shi ya gina Ƙofar Shari'a a 1348, da babbar hasumiyar Ƙumarish mai tsayin kimanin mita 45. A cikin wannan hasumiya ne zauren karɓar jakadu yake. An haɗa rufinsa da gutsattsarin katako sama da 8,000 a jere hawa bakwai, aka kuma rubuta Suratul Mulki a ƙarƙashinsa. Masana sun fahimci cewa rufin kwatanci ne na sammai bakwai da surar ta ambata, ta yadda jakadan da ya tsaya gaban sarki zai tuna wanda mulki yake hannunsa a haƙiƙa.

Ɗansa Muhammadu na Biyar ya hau gado a 1354, aka tuɓe shi a 1359, ya dawo a 1362, ya zauna har 1391. A hawansa na biyu ne ya gina Fadar Zakuna, mai tsakar gida da ginshiƙan marmara 124 suka kewaye, da kwatarniyar ruwa a tsakiya bisa bayan zakuna 12 na dutse. Daga kwatarniyar hanyoyin ruwa huɗu suka nufi zauruka huɗu. Biyu daga cikin zaurukan suna da ƙubba mai kama da saƙar zuma, wadda aka haɗa da dubban ƙananan ramuka na sassaƙaƙƙen alli.

Abin lura shi ne kayan da aka yi wannan ƙawa da su masu araha ne: ƙasa da alli da katako da tangaran. Gwanintar hannu ce ta ɗaukaka su. Wannan ya dace da halin daular da ke biyan haraji, wadda ba ta da dukiyar da Banu Umayya suka zuba a Ƙurɗuba.

3.1 Bangon da ke Magana

Da wuya a sami wani gini a duniya da ya kai Alhamra yawan rubutu. Rubuce-rubucen iri uku ne. Akwai ayoyin Alƙur'ani. Akwai gajerun kalmomi na addu'a da taken gidan sarautar, wanda ma'anarsa ita ce babu mai rinjaye sai Allah, an kuwa maimaita shi sau ba adadi. Sai kuma waƙoƙi, waɗanda waziran daular suka tsara musamman don wuraren da aka sassaƙa su. Manyan mawaƙan su uku ne: Ibnul Jayyab, da almajirinsa Lisanuddin Ibnul Khaɗib, da almajirin shi kuma, Ibnu Zamrak. A yawancin waƙoƙin ginin ne da kansa ke magana, taga ko kwatarniya ko alkuki ya yabi kansa, sa'an nan ya yabi sarki, kamar dai kirari.

Amma ƙawar bango ba ta hana zubar jini a bayansa ba. An soke Yusufu na Ɗaya da wuƙa yana sallar idi a masallaci. Ibnul Khaɗib, wanda ya rubuta babban tarihin Garnaɗa mai suna Al-Ihaɗa, ya gudu Maroko, aka tuhume shi da zindiƙanci, aka shaƙe shi a kurkukun Fas a 1374, kuma almajirinsa Ibnu Zamrak na cikin waɗanda suka je tuhumarsa. Shi ma Ibnu Zamrak kashe shi aka yi a gidansa wajen ƙarshen ƙarnin. Wannan cuta ta rikicin cikin gida ita ce daga baya ta buɗe wa abokan gaba ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

4.0 Albayyazin da Cikin Gari

Tudun da ke fuskantar Alhamra shi ne mazaunin farko na Banu Ziri, kuma a nan unguwar Albayyazin take. Lungunanta ƙanana ne masu karkacewa, gidajenta kuwa sun ba titi baya sun fuskanci tsakar gida. Har yanzu akwai rijiyoyin tara ruwa sama da 20 na zamanin Musulmi a unguwar. Hasumiyar majami'ar San Hose hasumiyar masallaci ce tun ta ƙarni na 11, sai dai an ɗora mata ƙararrawa. Haka kuma majami'ar Salbado ta riƙe harabar alwala ta babban masallacin unguwar. A bakin kogin Daro akwai wani tsohon gidan wanka da ya tsira daga rushewa saboda an gina gidan zama a jikinsa, aka kuma mai da shi wurin wanki.

A cikin gari akwai wurare uku da ke nuna yadda rayuwar yau da kullum ta kasance. Na ɗaya masaukin fatake ne na farkon ƙarni na 14, mai hawa uku, inda baƙin 'yan kasuwa kan ajiye kaya da dabbobi a ƙasa su kwana a sama. Na biyu kasuwar alharini ce mai suna Ƙaisariyya, wadda gobara ta cinye a 1843, abin da ake gani yanzu kwaikwayo ne da aka gina bayan gobarar. Na uku ita ce makarantar da Yusufu na Ɗaya ya kafa a 1349, inda ake koyar da fiƙihu da nahawu da likitanci da lissafi. Ɗakin sallarta da mihrabinsa kaɗai suka rage, ginin kuwa yana hannun Jami'ar Granada.

5.0 Faɗuwar Birnin da Gine-Ginen Masu Nasara

Auren Fardinan na Aragon da Izabela ta Kastila a 1469 ya haɗa ƙarfin masarautun biyu. Yaƙin ƙarshe ya fara a 1482, a daidai lokacin da gidan Banu Nasar ya rabu uku: Sarki Abul Hasan Ali, da ɗansa Abu Abdullahi, da ƙanensa Zagal. Malaga ta faɗi a 1487. Ran 25 ga Nuwamba 1491 aka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa wuya, ran 2 ga Janairu 1492 kuma Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan Alhamra. Daga baya ya ƙetare zuwa Fas.

Yarjejeniyar ta tabbatar wa Musulmi masallatansu da alƙalansu da dukiyoyinsu, ta kuma hana a tilasta wa kowa sauya addini. Yahudawa ba su sami irin wannan ba, domin a watan Maris na shekarar aka ba da umurnin korarsu daga ƙasar baki ɗaya. Babban limamin Kirista na farko a garin, Hernando de Talavera, ya bi hanyar lallashi, har ya sa limamansa koyon Larabci. Amma a 1499 Kadinal Cisneros ya iso da tilasci, aka yi wa dubban mutane baftisma, aka tara littattafan Larabci aka ƙona a dandalin Babur Ramla. Mutanen Albayyazin suka yi bore, hukuma kuwa ta ɗauki boren a matsayin warware yarjejeniya. Ya zuwa 1502 an haramta Musulunci a duk ƙasar Kastila.

Sababbin masu mulki sun rubuta nasararsu da dutse. Tsakanin 1505 da 1517 aka gina ƙaramar majami'ar sarauta, inda aka mai da gawawwakin Fardinan da Izabela a 1521. A 1523 aka aza harsashin babbar majami'a a jikin babban masallacin gari, aikin da ya ci kimanin shekara 180, masallacin kansa kuma daga baya aka rushe shi aka gina wata majami'a a gurbinsa. Jikansu Karlos na Biyar ya sauka a Alhamra a 1526, ya ba da umurnin a gina masa fada ta dutse a tsakiyarta bisa salon Italiya, mai kusurwa huɗu daga waje da da'ira daga ciki. Da harajin da aka ɗora wa waɗanda aka tilasta wa baftisma aka riƙa biyan aikin, kuma ba a rufa ginin ba sai a ƙarni na 20. Duk da haka, mai da Alhamra gidan sarauta shi ne ya cece ta, domin abin da sarki ya mallaka ba a rushe shi.

6.0 Makomar Harshe

Bayan an gama da addini sai aka juya kan harshe. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya zartar da dokar da ta hana magana da rubutu da Larabci bayan wa'adin shekara uku, ta hana sunayen Larabci da suturar gargajiya da gidajen wanka. Wani dattijo mai suna Francisco Núñez Muley ya rubuta takardar koke, inda ya kafa hujja da cewa harshe da sutura al'adar yanki ce ba alamar addini ba, ya kawo misalin Kiristocin gabas masu magana da Larabci. Ya kuma nuna cewa takardun gonaki da na bashi duk da Larabci suke, soke su kuwa tsiyata mutane ne. Ba a saurare shi ba. Tawaye ya ɓarke a duwatsun Busharrat daga 1568 zuwa 1571, bayansa aka kwashe kimanin mutum 80,000 daga yankin Garnaɗa aka warwatsa su cikin Kastila. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kusan mutum 300,000 daga Sifen gaba ɗaya.

Abubuwa uku daga wannan zamani sun cancanci nazarin masana harshe. Na farko, littafin nahawu da ƙamus na Larabcin Garnaɗa da wani limamin Kirista, Pedro de Alcalá, ya wallafa a 1505 don aikin bishara. Shi ne a yau babbar madogara kan yadda mutanen garin ke furuci, kamar yadda ayyukan Schön na 1843 da 1862 suka adana wani abu na Hausar ƙarni na 19. Na biyu, Musulmin Aragon da Kastila waɗanda Larabci ya riga ya kuɓuce musu sun riƙa rubuta harshen Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, ana kiran wannan rubutu aljamiado. Kalmar daga al-ajamiyya ta fito, watau tushenta ɗaya da ajamin Hausa, buƙatar da ta haife su ma ɗaya ce: isar da addini ga wanda ba ya jin Larabci. A 1884 an tsinci tarin irin waɗannan littattafai ɓoye a wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra. Na uku, faya-fayan dalma masu rubutun Larabci da aka tono a tudun Sakromonte daga 1595 zuwa 1599, waɗanda ke nuna wai Kiristocin farko na garin Larabawa ne. Fadar Paparoma ta yanke hukunci a 1682 cewa ƙirƙira ce, masana kuwa na ganin ƙoƙari ne na ƙarshe na nema wa Larabci mutunci a idon masu mulki.

Larabci ya mutu a bakin mutane, amma ya bar sawu a Sifaniyanci, inda aka ƙiyasta kalmomin aro kimanin 4,000 in an haɗa da sunayen wurare. Kamar Hausa, Sifaniyanci kan ari kalma tare da al ɗinta. Alal misali, kalmar da ta zama alƙali a Hausa ita ce ta zama alcalde, wadda a yau ke nufin magajin gari.

7.0 Garnaɗa da Ƙasashen Sudan

Dangantakar wannan birni da Afirka ta Yamma tsohuwa ce. Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙi haifaffen Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali. Ibnu Khaldun ya ruwaito cewa ya gina wa sarkin wani zaure mai ƙubba, kuma ya rasu a Tambutu a 1346. Ibnu Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci Garnaɗa kafin tafiyarsa ta Mali a 1352, ya ambaci kabarinsa, wanda kuwa ya rubuta labarin tafiyar tasa, Ibnu Juzayy, shi ma mutumin Garnaɗa ne. Haka nan Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, a Garnaɗa aka haife shi wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya girma a Fas. Littafinsa da aka buga a Banis a 1550 na daga cikin rubuce-rubucen farko da suka kai wa Turai labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, ko da yake masana sun yi saɓani kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa.

Gadon da ya fi waɗannan ɗorewa shi ne na littattafai. Tuhfatul Hukkam, waƙar hukunce-hukuncen shari'a mai baiti sama da 1,600, wallafar Ibnu Asim ce, alƙalin alƙalan Garnaɗa da ya rasu a 1426, kuma alƙalan ƙasar Hausa sun daɗe suna dogara da ita. Shaɗibi, mai Al-Muwafaƙat da Al-I'itisam, wanda ya rasu a 1388, ɗan garin ne. Mawwaƙ, mai sharhin Mukhtasar na Khalil, ya rasu a shekarar da garin ya faɗi. Ke nan littattafan da aka haramta a mahaifarsu sun ci gaba da rayuwa a zaurukan Fas da Tambutu da Katsina da Sakkwato.

8.0 Daga Kango Zuwa Wurin Ziyara

A ƙarni na 18 an yi watsi da Alhamra, talakawa da tsofaffin sojoji suka tare a cikinta. Sojojin Faransa da suka mamaye garin a 1810 sun fasa wasu hasumiyoyi da albarushi sa'ad da za su fice a 1812. Marubucin Amurka Washington Irving ya zauna a fadar a 1829, littafin da ya fitar a 1832 kuwa shi ya jawo hankalin Turai, ko da yake ya cakuɗa tarihi da almara. A 1870 gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa. Masu gyara na farko sun yi ƙare-ƙare bisa yadda suke zaton ginin gabas ya kamata ya kasance, sai da Leopoldo Torres Balbás ya riƙe aikin daga 1923 zuwa 1936 sa'an nan aka cire wasu daga cikinsu, aka koma bin hujja. Hukumar UNESCO ta sa Alhamra da Jannatul Arif cikin kayan gadon duniya a 1984, ta ƙara da Albayyazin a 1994. A 2003 aka buɗe sabon masallaci a Albayyazin, yana kallon Alhamra.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa wuraren da baƙi ke ziyarta a Garnaɗa hawa uku ne na tarihi: abin da Banu Ziri da Banu Nasar suka gina, da abin da masu nasara suka ɗora a kai, da abin da masu gyara suka maido. Gini ya tsira a duk inda sababbin masu mulki suka ga amfaninsa, fada ta zama fada, hasumiya ta zama gidan ƙararrawa. Harshe kuwa bai sami wannan gata ba, domin an raba shi da makaranta da kotu da takardar ciniki, daga ƙarshe aka raba shi da masu shi. Shi ya sa a yau mai gadin fadar kan buƙaci tafinta kafin ya san abin da bangonta ke faɗi, alhali almajirin da ya sauke Tuhfa a wani zaure na Kano zai iya tsayawa gaban bangon nan ya karanta.